Yaran da Na Zaunar a Bencin Baya

Unguwar Ya,
Birnin Kudu.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Kaduna lafiya, kai da kayanka. Allah Ya tsare ka a masauki, Ya haɗa ka da maƙwabta na kirki da abokan aiki masu tsoron Sa. Innarku tana gaishe ka. Ita ce ta cusa takardar a ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, don ta ce nan ne kaɗai ta tabbata hannunka zai kai da wuri.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, yanzu ka baro mu, ka san komai. Wata magana ce da ka yi ranar Juma'a a zaure ta sa na ɗauki alƙalami. Lokacin da mutane suka zo yi maka sallama, liman ya tambaye ka ko wannan na'ura da za ka je koyarwa a kwaleji, kwamfuta, kowa yana iya koyonta. Ka yi dariya ka ce, "Ina fa, Malam. A shekarar da na yi ina koyarwa lokacin bautar ƙasa na gane abu ɗaya. Akwai masu kan abin, akwai waɗanda ba su da shi. Mako guda ya ishe ni in ware su." Kowa ya gyaɗa kai, aka ce Allah Ya ƙara basira. Ni ban tanka ba, domin ba na gyara ka a gaban baƙi. Muryata na ji a bakinka. Haka nake magana sa'ad da nake da shekarunka, har ɗaga haɓar iri ɗaya ce.

Ni ban san kwamfuta ba. Ban taɓa ganinta ba sai a hoton da ka nuna mana, kana tsaye kusa da ita a wani ɗaki da ka ce sanyinsa ya fi na randa. Abin da na riƙe daga bayaninka shi ne, mutum yana rubuta mata umarni daki-daki, a huda su a jikin kati, a ba ta, kuma in ka ɓata ko da waƙafi ɗaya ne sai ta dawo maka da aikinka. Wannan iliminka ne, ba zan sa baki ba. Amma ɗalibai kam na san su. Kusan shekara talatin na yi ina tsaye a gabansu da alli a hannu, kuma na ɓata wasu daga cikinsu. Gara ka ji daga bakina yadda aka yi.

Kiyako aka fara tura ni, ana gab da samun mulkin kai. Yayanka yana goye, kai ba a haife ka ba. Ajina benci huɗu ne. Ni da kaina na tsara zaman: masu saurin hadda a gaba, sai masu bi musu, har zuwa bencin baya, wanda na sa wa suna bencin daƙiƙai. Ni na raɗa sunan, yara suka ɗauka. A lokacin hanya ɗaya na sani ta koyar da lissafi, wadda aka koya mini da ita: in faɗa, aji ya amsa. Biyu sau biyu huɗu, biyu sau uku shida, da ƙarfi, har sai an ji mu a bakin kasuwa. Wanda bakinsa bai motsa ba, tsumagiya ta motsa shi.

Akwai wani yaro Sambo, ɗan masu shanu da suka zauna a ƙetaren fadama. Mai gari ne ya matsa wa ubansa sai ya ba da ɗa guda a makaranta, shi ne aka ba da shi. Shekararsa ba ta wuce goma ba. Sambo ba ya rera komai. Ana ihun lissafi shi yana kallon ƙasa, yana ja wa ƙasar layi da babban yatsan ƙafarsa. In na tsayar da shi na ce, "Bakwai sau huɗu?" sai ya yi shiru, leɓensa na rawa, ni kuwa ba na jira. Shekara biyu yana bencin baya, shekara biyu ina dukansa. Daga ƙarshe na yanke shawarar in je in gaya wa ubansa ya ɗauke abinsa.

Wata Asabar na hau kekena na nufi rugarsu. Ashe ranar malaman dabbobi sun zo yi wa shanu allura. An tara shanun gidaje da yawa wuri guda, an kafa wani siririn shinge da za su riƙa bi ɗaya-ɗaya. Na tarar da wurin ya rikice. Shanu sun cushe a bakin shingen, ana tattake maruƙa, waɗanda aka yi wa allura suna zagayowa suna sake shiga cikin waɗanda ba a yi wa ba. Babban malamin dabbobin ya jiƙe da gumi, yana ta faɗa, ya ce shi ya daina sanin wacce ya soka da wacce bai soka ba.

Sai na ga Sambo ya matsa kusa da shi. Wannan yaron da ban taɓa jin ya haɗa jimla biyu a aji ba. Ya ce, "Malam, a fara fitar da masu shayarwa da 'ya'yansu gefe. Sannan a riƙa shigo da na gida ɗaya-ɗaya. Duk wadda aka yi wa, in shafa mata jar ƙasa a tozo. In mai jan tozo ta dawo bakin shinge, a kore ta wajen tsamiya. In ba ta da ja, a bar ta ta shiga. In na gida ɗaya sun ƙare, a jefa dutse a ƙwarya, a kira na gaba."

Mutumin ya dube shi, ya dubi manyan da ke wurin, ya ce, "To, a yi yadda ya faɗa." Kafin azahar an gama, ba saniyar da aka soka sau biyu, ba wadda aka tsallake.

Ka tuna ranar da ka zana wa ƙannenka akwatuna da kibiyoyi a ƙasan tsakar gida, kana nuna musu yadda ake tsara wa kwamfuta aiki? Ka ce in abu kaza ne a bi nan, in ba shi ba ne a bi can, in an gama a koma farko. Na tashi na shiga ɗaki ba don na gaji ba. Sambo na tuna. Abin da aka kai ka jami'a ka koyo, shi ya tsara da bakinsa a gindin tsamiya, hannunsa duk jar ƙasa.

Ga inda laifina yake. Na ga wannan duka da idona, Habibu. Amma da uban ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo mini nono, ya ce, "Malam, yaya yaron naka?" sai na buɗe baki na faɗi abin da na taho da shi tun daga gida. Na ce, "Ba shi da kan karatu." Uban ya yi murmushi ya ce, "Dama na gaya wa mai gari." Sambo yana tsaye a bayansa, yana ji. Ran Litinin bai zo ba, bai kuma sake zuwa ba.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa. Amsar ba ta da daɗi. In na yarda yaron yana da kai, to dole in yarda dukan shekara biyu zalunci ne, kuma ni ne ban iya ba. Na zaɓi in kare kaina.

Bayan shekaru masu yawa na gamu da shi a kasuwar Birnin Kudu, ya zama magidanci har da gemu. Shi ya gane ni. Ya durƙusa ya gaishe ni, babu alamar riƙo a fuskarsa. Sai ya ciro wata kwalbar magani daga aljihu ya ce, "Malam, Allah ne Ya kawo ka. 'Yata ce ba lafiya, an ba ni wannan a asibiti, na manta yadda aka ce. Tun ɗazu nake neman wanda zai karanta mini. Cokali nawa za a ba ta?" Na karanta masa. Ya yi ta godiya, yana sa mini albarka. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka ina roƙon ka, kada ka yanke wa ɗalibi hukunci a mako guda, ko a wata guda. In ka ga wanda ya kasa, kafin ka ce ba shi da kai, nemi ka ji shi yana bayanin abin da ya riga ya iya. Ka ce ya faɗa maka yadda ake ban ruwa a lambunsu, ko yadda ake ɗinka riga daga yanka zuwa maɓalli, me ake fara yi, me ke biye, me ake yi in abu ya ɓaci. In ya jera maka su daidai, to abin da kake nema yana nan a kansa, saura ka nemo ƙofar. Kuma in ka yi tambaya, ka jira. Yanzu na tabbata Sambo lissafin yake yi da yatsan ƙafarsa, ni ne ban taɓa ba shi lokacin da zai kai ƙarshe ba.

Kada ka zaci daga nan na shiryu. Da aka mayar da ni Maruta, can ƙasar Gwaram, abin Sambo yana cina, sai na yi watsi da hadda gaba ɗaya. Na sa yara suka tara 'ya'yan tsamiya da karan dawa, kowane lissafi da hannu ake yi, a jera, a ware, a ɗaure goma-goma. Yara da yawa da a da zan tura baya suka farfaɗo. Sufeton makarantu ya zo ya gani ya yaba, ni kuwa kaina ya kumbura, na ɗauka na gano sirrin koyarwa. Na kafa doka: ba mai buɗe baki a lokacin lissafi.

Akwai wata yarinya Talatu, 'yar maƙwabtanmu, danga ɗaya ta raba gidajenmu. Da zuwana tana cikin na gaba, sai ta riƙa ja da baya. In an ba ta 'ya'yan tsamiya sai ta rikice, ta riƙa motsa baki tana ƙunƙuni. In ce, "Talatu, rufe baki, yi da hannu." Ta yi shiru, ta kasa. Wata rana na dawo gida ina mita a kanta, Innarku tana tankaɗe, ta ce, "Wace Talatun? Ta gidan nan? Tsaya ka ji." Muka kasa kunne. Ta bayan danga ana daka, kuma Talatu ce ke bin sautin taɓarya da lissafin sau, tun daga biyu har sha biyu, ba tuntuɓe. Yayarta tana jefa mata tambaya a tsakiya, tana amsawa kafin taɓarya ta sauka.

Innarku ta ce, "Da ka ce kowa sai ya yi ihu. Yanzu ka ce kowa sai ya yi shiru. Wai kai wa ya gaya maka kai ɗaya aka raba musu?"

Ban ji daɗin maganar ba, amma washegari na janye dokar. Na ce mai so ya faɗa a hankali ya faɗa, mai so ya jera ya jera, mai so ya zana a allonsa ya zana, amsa dai nake so. Talatu ta koma gaba. Yau ita ce ungozoma a can wajen Gwaram, kuma na ji har yanzu in tana auna magani sai an ga bakinta yana motsi.

Ranar da ka sami hanyar da ta yi maka aiki, ka yi hattara da ita fiye da kullum, domin ranar ce za ka so ka ɗora wa kowa. Ka faɗi darasin da baki, ka kuma zana akwatunan nan naka a allo, sannan ka bar su su taɓa. Wani sai ya huda katin da hannunsa, na'ura ta dawo masa da shi sau biyar, sannan abin zai zauna masa. Kada ka yi masa dariya a karo na huɗu. Kuma ka ce mini injin huda katin ɗaya ne tak, ɗalibai kuwa aji guda. Na san abin da zai faru tun ban je ba. 'Yan birni da suka taso suna ganin tafireta a ofishin iyayensu za su mamaye shi. Ɗan ƙauye irinka, da 'yan matan da ke ajin, za su tsaya a baya da hannu a naɗe, suna tsoron kada su ɓata kayan gwamnati. Bayan wata uku sai ka ce na gaban ne masu kai. Ka rubuta sunaye, ka raba lokaci, kowa ya zauna a kujerar. Wanda kuma Turanci ya tare wa hanya, ka ja shi gefe bayan an tashi ka warware masa da Hausa. Ba za ta rage maka daraja ba.

Saura guda ɗaya, ita ce na fi jin nauyin rubutawa, domin a cikin gidanmu aka yi ta, kana gani, ko da yake kana ƙarami.

Yayanka bai taɓa shiri da takarda ba. Yana juya haruffa, ya ce layukan suna yi masa tsalle. A lokacin an dawo da ni gida an ba ni hedimasta. Duk abin da Sambo da Talatu suka koya mini, a kan 'ya'yan mutane na yi aiki da shi. Da abin ya zo kan ɗana sai kunya ta rufe mini ido. Ɗan hedimasta ne zai kasa karatu? Don kada a ce ina son kai, ni da kaina na ce wa malaminsu ya mayar da shi bencin ƙarshe. Kai kuwa tun kana aji ɗaya kake karanta takardun yayanka. Kullum maganata ita ce, "Dubi ƙanenka." A gabanka nake faɗa.

Ka tuna rediyona mai jakar fata? Ta mutu, na ajiye ta sai na shiga Kano. Wata rana da la'asar na dawo na tarar da yayanka a tsakar gida ya kwance ta kaf. Ya jera kayan cikinta a kan tabarma, kowace ƙaramar ƙusa a gefen abin da aka ciro ta, layi-layi, bisa yadda ya fitar da su. Ban tambaye shi komai ba, na ciro bulala. Da na gama, yana kuka, yana jan majina, ya koma kan tabarmar ya tsuguna. Ya fara mayar da su daga na ƙarshe zuwa na farko. Ya murɗe wata waya da ta tsinke, ya sa batir, rediyo ta kama magana. Ya ɗago ya dube ni. Na san abin da yake jira. Abin da na ce masa shi ne, "Da ma a karatu ka iya haka."

Sau biyu ya faɗi jarrabawar shiga sakandare. Bayan ta biyun ya ce wa Innarku zai tafi Kano wurin wani mai gyaran rediyo, ni bai gaya mini ba, ni ma ban hana ba. Sauran ka sani. Da arzikin man fetur ya zo, kowane gida ya sayi rediyo da fanka, masu hali suka sayi talabijin, shagon da ya buɗe ya cika. Yana zuwa da Sallah, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye abin da ya kawo, ya tashi. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Bai kuma taɓa zama muka yi hira ba.

Abin da ba ka sani ba shi ne, bara da na je Kano ganin likitan ido, na nemi shagon nasa ban sanar da shi ba. Ya rikice, ya goge mini kujera, ya aika a sayo mini lemo. Na ce ya ci gaba da aikinsa, hutawa kawai zan yi. Mutum huɗu ne ke koyon aiki a hannunsa, biyu ma sun girme ka. Na zauna ina kallo. Ɗaya daga cikinsu, yayanka ya zana masa hanyar wuta a bayan kwali, ya bar shi da zanen. Na biyun, ya miƙa masa matacciyar rediyo ya ce, "Kwance ta, in ka gaji ka kira ni," ya juya masa baya. Na ukun kuma, yayanka ya zauna kusa da shi yana yi masa bayani a hankali, yana sa shi ya maimaita da bakinsa. Na huɗun ya ƙone wani abu, wari ya tashi, na ga ya ƙame yana jiran faɗa. Yayanka ya leƙa ya ce, "Yauwa, yanzu ka san abin da ke ƙone shi. Ɗauko wani."

Da za mu rabu ya rako ni tasha. A hanya na ce masa, "Kai kuwa wa ya koya maka koyarwa haka?"

Ya ce, "Ba kowa, Baba. Abin da na so a yi mini ne."

Bai faɗa da zafi ba. Ya karɓi jakata ya sa a mota, ya ce in gaida Inna. Shekara guda ke nan, ban iya komawa kan maganar ba.

Habibu, abin da ka faɗa a zaure ba laifinka ba ne kai kaɗai. Ni na raine ka a kan cewa mutane kashi biyu ne, kai kana cikin masu kai, yayanka yana cikin marasa shi. Ƙarya na koya maka. Allah Ya ba ka irin kan da makaranta take so, ka gode masa, amma ka sani sa'a ce ka yi, hanyar da ake koyarwa ta dace da kai. A ajinka za a sami waɗanda ba ta dace da su ba, kuma iyayensu sun sayar da amfanin gona sun turo su, suna can suna jira. Su ne aikinka. Masu irin kanka ko ba ka nan za su iya.

In an ba ku hutun farko, kada ka zarce gida. Ka sauka a Kano ka yini a shagon yayanka. Kada ka je da bayanin kwamfuta, ka zauna kawai ka ga yadda yake yi da mutanensa. A cikinmu uku shi ne malamin.

Ni kuwa ran Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan shiga motar Kano. Ba asibiti za ni ba. Na gaya wa Innarku, ta dube ni ta ce ai tuni ya kamata. Ban san da wace kalma zan fara ba, ban taɓa neman gafarar ɗana ba, ban kuma ga wanda ya taɓa yi ba balle in kwaikwaya. Ka taya ni da addu'a Allah Ya buɗe mini baki, Ya kuma sanyaya masa zuciya.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fara a sa'a. Ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya kare ɗalibanka daga kuskurenka, Ya ba ka haƙuri da su. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka riƙa cin abinci, ka rubuto wa Innarku da zarar ka zauna. Allah Ya sada mu da alheri.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Malam Isiyaku.